Layin Ƙarshe a Koren Littafina

Kusan duk ɗalibar da aka turo mini ɗakin marasa lafiya sai ta tambayi abu biyu. Na farko a gabana take yin sa: me ya kai 'yar Funtuwa karatun jinya har Adamawa? Na biyu a bayan idona ake yi: me ya sa Anti Rabi ta cika taurin kai a kan sa hannu? Ƙawayena ma sun ishe ni, wai kullum gutsuren labarin nake ba su, da an zo wurin daɗi sai in ce ledar ruwan wani mara lafiya ta ƙare in tashi. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya huta, bakina ma ya huta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kafin mutum ya zama nas mai rajista sai ya yi shekara uku a makaranta, sannan ya zana jarrabawar hukumar da ke ba da lasisi. Ba a sa sunanka cikin masu zanawa sai koren littafinka ya cika. A cikinsa aka jera duk aikin hannu da ake so ka iya, su allura, wanke rauni, ƙarin ruwa, sa robar fitsari, juya wanda ba ya iya motsi. Gaban kowanne akwai layi, malamar da ta ga ka yi da idonta ita ke sa hannu a kai.

Sau biyu ina neman gurbi a jiharmu ban samu ba, sai kawuna da ke aikin gona a wani gari can gindin duwatsu, arewa da Yola, ya samo mini a makarantar wani asibitin mishan. Ƙarshen shekara ta uku na zo gida hutu, na bar littafina wurin babbar malamarmu, Sista Rifkatu, don ta duba. Ban cika sati biyu ba garin ya faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya. Kawu ya iso Funtuwa da ƙafafu a kumbure, babu ko jaka. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina tabbatarwa yana raye littafina na fara tunawa.

Watanni ba labari. Ran nan ina wanke-wanke sai ga wayar Naomi, 'yar ajinmu. Ta ce makaranta ta sake haɗuwa a Jimeta, cikin Yola, an ara mata aji biyu da ɗakin mata a wani asibiti, littattafanmu kuma sun tsira. Amma ranar Juma'a da azahar za a rufe jerin sunaye, kuma babu wanda ya san ko makarantar za ta kai wata jarrabawar bayan wannan. Wanda sunansa bai shiga ba, watakila sai ya koma aji ɗaya a wani wuri, in ma ya samu. Inna ta yi kuka ta ce ba inda za ni, mutane na gudowa ni ina neman komawa. Baba ya ja carbinsa, sannan ya ce in tafi, amma da sharaɗi ɗaya, kada in yi gardama da mai bindiga. Ya san bakin 'yarsa.

Asabar na bi ta Kano na kwana a Gombe, a ɗakin mata na tasha, jakata ce matashin kaina. Lahadi da sassafe na shiga motar Yola. Kusa da ni wata dattijuwa ce Bafulatana, siririya, Dada Hauwa, ta dawo daga duba 'yarta. Har muka wuce Kaltungo kalmominta ba su kai goma ba, ni kuwa na riga na ba ta labarin danginmu kaf.

Shingayen sojoji na fara ƙirgawa, na gaji na daina. Tsarinsu ɗaya ne. Tun daga nesa direba zai kashe rediyo, kowa ya ɓoye waya, a sauka, a bi layi a ƙasa hannu sama. Maza su ɗaga riga, mata mu girgiza hijabi. Babu mai tari, babu mai waiwaye. In an wuce sai a koma mota, a yi tafiyar minti biyar ba wanda ya ce uffan, sannan wani ya yi ajiyar zuciya hira ta dawo.

A gadar Numan na yi wautar da nas ce kawai za ta yi ta. An koya mana cewa ɗaliba ba ta zuwa aiki hannu rabbana, don haka na naɗe kayana a farin ƙyalle na sa a saman jaka: almakashi, hantsaki, bandeji, auduga, ma'aunin zafi. Sojan da ya buɗe ya dube su, ya karɓi katina, ya karanta sunan garin da makarantarmu take. Fuskarsa ta canza. Ya ce mutanen daji suna neman masu ɗaure musu rauni, kuma irinmu ake aika musu. Ya nuna mini gefen titi ya ce in zauna. Na zauna a kan kwalta mai zafi, bakin bindigarsa yana kallon ƙirjina. Direba ya fara cewa shi fa yana da sauran fasinja. Sai na ga Dada Hauwa ta fito daga layi a hankali, ta shimfiɗa gefen mayafinta ta zauna kusa da ni.

"Yarinya na ne," ta ce da irin Hausarsu. "In bai tafi ba, ni ma ba na tafiya."

Babban sojojin ya zo ya ji bayani. Bai yi dogon zance ba, ya kira wani soja mai ɗaurarren hannu ya ce in ni nas ce in kwance in sake ɗaurewa. Na kwance. Ƙuna ce, an lafta mata man goge baki, an naɗe da tsumman da ko tukunya ba zan goge da shi ba. Ban san lokacin da na manta da sharaɗin Baba ba. Na tambayi sojan wane mara hankali ne ya yi masa wannan, ko so yake a yanke hannun. Direba ya dafe kai. Babban ya dube ni ya dubi sojan, sai ya fashe da dariya ya ce lallai nas ce, masifarsu iri ɗaya ce ko'ina. Na wanke ƙunar na ɗaure, suka riƙe almakashina suka sake mu.

Na san zafin Yola a da, amma ban san ta da cika haka ba. An hana babur, sai keke. Harabar masallaci, harabar coci, makarantun firamare, ko'ina mutane ne da ƙullin kaya. Ƙarfe shida kuma kowa ya shige gida, dokar hana fita ce. Naomi a coci take kwana cikin mata fiye da yadda ɗakin zai ɗauka, don haka Dada Hauwa ta wuce da ni gidanta a Limawa ba tare da ta tambaye ni ba. Gida ne mai ɗaki huɗu, uku ta ba wa iyalan da suka gudo, waɗanda ba ta taɓa sani ba.

Aka kawo mini tuwo da miyar yakuwa da gyaɗa, da busasshen kifi a ciki. A Funtuwa in ka cinye tas ka suɗe kwano, mai girki murna take yi. Na cinye tas na suɗe. 'Yan matan gidan suka dubi kwanon suka dubi juna. Sai da safe wata ta gaya mini a ɓoye cewa a nan baƙo yakan rage, ko da yunwa na cin sa, balle yanzu da ake raba ragin ga ƙananan yara. Kunya ta kama ni har na kasa shan kunun gyaɗar da aka dama. Ita Dada kuwa duk zamana a gidan ban taɓa ganin ta tana tauna ba. In an gaishe ni da "Jam na?" in ce "Jam," wato lafiya, iyakar Fulatancina ke nan. Su kuma kowa "shi" ne a bakinsu, mace ko namiji, har na saba da jin an ce Rabi ya dawo.

Litinin na je asibiti. Sista Rifkatu 'yar ƙabilar Bacama ce daga Numan, doguwa, shekara talatin tana aikin jinya, muryarta kaɗai takan sa ɗaliba ta gyara hula. Da na gan ta sai da gabana ya faɗi. Ta rame, farar rigar jikinta ta aro ce, an kama ta da fil a kafaɗa. Ta jawo wani buhun shinkafa daga ƙarƙashin tebur ta zaro littafina. Bangonsa ya sha ruwa, yana warin hayaƙi. Daga baya Naomi ta gaya mini cewa a ka Sista ta ɗauko buhun nan, ta duwatsu, ta cikin Kamaru, har ta zagayo Yola. Da mijinta Malam Istifanus suka fito, ita kaɗai ta iso. Babu wanda ya isa ya tambaye ta.

Ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya da ya rage fari. Ban buƙaci in karanta ba. Kintsa gawa ne, aikin ƙarshe da nas ke yi wa mara lafiyarta: rufe ido, miƙe gaɓoɓi, goge jiki, ɗaure haɓa, lulluɓewa kafin a kai ɗakin ajiya. Gaskiya ita ce shekara uku ina gudun layin nan. Da na ga numfashin wani ya fara sarƙewa sai salla ta kama ni, ko in tuna an aike ni ɗakin magani. Tun ina ƙarama nake tsoron gawa, kuma na ɗauka babu wanda ya lura.

Na roƙe ta. Na ce na san aikin a ka, zan iya karanto mata shi daga farko har ƙarshe. Na ba ta labarin hanya, da gadar Numan, da kukan Inna. Ta saurare ni har na gama.

"Ban gani ba, Rabi," ta ce da Hausarta, wadda ita ma ba ta raba mace da namiji. "Ba zan sa hannu a abin da ban gani ba. Kana da kwana huɗu."

Mai karatu zai ce ai a asibiti, a irin wannan lokaci, mutuwa ba ta wuya. Haka ne, amma a ƙasarmu gawa ba ta nas ba ce, ta dangi ce. Kafin ki ɗebo ruwa a kwano sun naɗe mutuminsu sun yi gida, su yi masa wanka da hannunsu. Wanda ba shi da kowa ne kaɗai ake barin mu da shi.

Talata da hantsi wata mata ta cika. Na aika a kira Sista, na haɗa tire, na ja labule. 'Ya'yanta maza suka shigo da tabarma. Na roƙi babbansu ya ba ni minti goma. Ya dube ni da jajayen idanu ya tambaye ni ko uwarsa zan tsare don in ci jarrabawa. Na matsa gefe. Sai da suka fita da ita sannan Sista ta shigo, ta dubi gadon, ta juya. Ofishinta taku ashirin ne daga ɗakin. Ranar na ji haushinta har wuya, na ce a raina matar nan mugunta ce kawai ke cin ta.

A gado na shida akwai wata tsohuwa, Ya Falmata, Babarbariya daga Borno. A tasha aka tsince ta da amai da gudawa, ba ɗa ba jika, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Idanunta sun faɗa, in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. Muna haɗa magani Naomi ta zungure ni ta ce a hankali, ga sa hannunki can a gado na shida. Wasa take yi, irin baƙin wasanmu na asibiti. Na harare ta, amma maganar ta shige ni ta zauna. Da aka raba aikin Laraba kuma, sai aka ba ni gadon.

Bayan azahar zafi ya kai inda ya kai, ba wuta, fanka a tsaye. Na zo duba ta na tarar ruwan da aka ɗaura mata ya daina sauka, hannun ya kumbura, allurar ta fita daga jijiya. Na taɓa wuyan hannunta, bugun kamar zare, yana zuwa yana ɓacewa. Likita yana ɗakin tiyata, nas ɗin da ke kula da mu tana can wurin wata mai jijjiga. Na nemi jijiya a ɗaya hannun na soka, ta fashe. Na sake, ta fashe.

Wannan ne wurin da nake tsallakewa in ina ba da labari. Na tsaya da allura a hannu, sai na ji wani tunani ya zo mini a fili, cikin natsuwa, ba da hayaniya ba. Kin gwada sau biyu. Tsohuwa ce, ba ta da kowa, ko likita ba zai zarge ki ba. Ki je ki kira shi a hankali, kafin ku dawo Allah ya yi ikonsa. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Ba zan yi ƙarya in ce nan take na kore shi ba, na saurare shi. Sai ta motsa leɓe tana kiran wasu sunaye ɗaya bayan ɗaya, ina jin na 'ya'yanta ne.

Na yaye zanen ƙafarta na durƙusa. Na ɗaure ƙwauri, na mari bayan ƙafar, na shafa, gumi yana shiga mini ido. Kusa da idon sawu na ji wani ɗan abu a ƙarƙashin yatsana, ban ma gan shi ba. Na yi bisimilla na soka. Jini ya leƙo. Na haɗa ledar ruwa na matse ta da hannu biyu har ta ƙare, na sa wata. Da ta fara haɗiya na zauna ina ɗura mata ruwan gishiri da sukari cokali-cokali. Biyar da rabi aka kore ni saboda doka, na bar ta ba a san inda za ta faɗa ba.

Alhamis da safe na taho a ƙasa daga Limawa, don ban iya jiran keke ba. A hanya na so in yi addu'a na rasa me zan roƙa, wannan ya fi komai tsorata ni. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa ɗaga ido. Sai na ji murya tana faɗa da Barbarci. Ya Falmata ce zaune a gado, ta ture kofin kunu, wai ba sukari, tana nuna bakinta tana neman goro. Na yi dariya, na zaga bayan ɗakin na yi kuka. Kukan murna ne, kuma kukan shekara ukuna ne, ban iya raba su ba.

Bayan la'asar na shiga ofishin Sista na ce ta ba ni littafina, gobe zan koma gida. Ban yi niyyar faɗin sauran ba, amma ya fito. Na gaya mata abin da na tsaya ina saurare da allura a hannu, na ce watakila ma mai irin wannan zuciya bai kamata a ba ta lasisi ba. Sai ta ce in haɗa tire da farin zanen gado in biyo ta.

Muka hau keke muka nufi gadar Binuwai. Akwai shinge a bakinta, kuma ƙarfe shida ake rufewa. Sojan ya dubi tire ya dubi zanen, ta ce masa aikin asibiti ne da muryar nan tata, ya matsa. Ban san inda za mu ba, na ɗauka wani ne ya rasu a gida. A Vinikilang muka sauka, muka bi ta cikin gonakin masara zuwa wani ɗaki a bayan gidan ƙanin mijinta. Gado ne da kujera da littafin addu'arta, ba komai kuma. Ba kowa a ciki.

Ta ce doka ta yarda in ba a sami gawa ba ɗaliba ta nuna aikin a kan mutum-mutumin roba. Namu, wanda muke kira Madam Talatu, yana can inda aka baro shi. Tana faɗa tana cire takalmi, ta cire hula da agogo, ta hau gadon ta miƙe. Na ja da baya. Na ce a wurinmu ba a lulluɓe mai rai da fari har ka, ba kyau.

"Camfin ka ne, bai kama ni," ta ce. "Ka fara, rana yana tafiya."

Ta kafe idanu a rufin ɗaki, ta saki baki, ta karkatar da hannu ɗaya. Ta ga mutuwa fiye da yadda zan ƙirga, ta san kamanninta sarai. Na duba agogo. Na yi yadda ta koya mana, wato a kira mamaci da sunansa a gaya masa abin da za a yi masa, kamar yana ji. Na ce, Sista Rifkatu, ni ce Rabi, zan rufe miki ido. Na rufe su na ɗora jiƙaƙƙiyar auduga. Na miƙe hannuwa, na goge fuska da wuya da yatsu ɗaya-ɗaya. Da na zo ƙafafu na ga tafinsu duk tabo ne, tsage-tsagen dutse da suka warke ba a ɗinke ba. Na goge su a hankali na ɗaure manyan yatsun. Tsorona ya tafi wani wuri ban lura ba.

Na ɗauki bandeji na tallafo haɓarta na rufe bakin. Ina cikin ɗaurewa na ga ruwa yana gangarowa daga ƙarƙashin audugar zuwa kunnenta. Na tsaya. Ta buga katifa da yatsa ɗaya, alamar in ci gaba. Na taje mata gashi, na rubuta takardar suna, na ja farin zanen har ya rufe fuskarta. Na koma gefe na tsaya kamar yadda ake yi. Zanen ya fara girgiza. Babu sauti, don bakin a ɗaure yake. Wannan ba ya cikin littafi, ban san me ake yi ba, sai na zauna a bakin gadon na riƙe hannunta ta saman zanen har ya lafa.

Da kanta ta yaye ta kwance haɓar. Ta zauna tana naɗe bandejin, ba ta dube ni ba.

"Shekara talatin ina yi wa baƙi," ta ce. "Nawa mijin a kan dutse na bar shi, baki a buɗe. Ana harbi a baya, ba lokaci. Zane kawai na jefa masa." Ta ajiye bandejin. "Ran Talata ina bayan ƙofa. Na kasa shiga. Tun Litinin na san da wannan hanya, ni ne ban shirya ba, ba kai ba."

Na rasa abin cewa sai sannu, na yi ta maimaitawa. Ta share fuska da bayan hannu, nan take ta koma Sistar da na sani. Ta ce kullin haɓa a tsakar ka ake yin sa, ni na yi shi a gefen kunne, kuma na duba agogo amma ban rubuta lokacin ba. Ta sa na sake ɗaurewa sau biyu tana zaune. Sannan ta buɗe littafin a kan gwiwarta ta rubuta cewa an nuna a kan mai rai, ta sa hannu. Game da abin da na gaya mata a ofis, abu ɗaya ta ce. Duk wanda ya daɗe a aikin nan ya taɓa jin irin wannan tunani wata rana, ita dai da safe ta duba gado na shida ta ga inda allurar take.

Ni kaɗai na dawo. Mai keken yana gudu yana duba rana, na rungume littafin a cikin hijabi, muka haye gadar sojoji suna jawo shingen ƙarfe. Juma'a da hantsi sunana ya shiga.

Na zauna gidan Dada har muka zana jarrabawa, na kuma koyi rage tuwo, ko da yake ba da son raina ba. Wani ɗan kasuwa ɗan garinsu Ya Falmata ya ji labarinta ya ɗauke ta, ta tafi tana yi mini faɗan da ban ji ko kalma ɗaya ba. Da na biyo ta Numan na leƙa ko zan ga sojan nan mai ƙuna, an canza su, almakashina kuma ya tafi ke nan. Sakamako ya same ni a Funtuwa, lasisi ya biyo baya. 'Yan ajinmu kowa ya kama hanyarsa. Naomi ta ƙara karatun ungozoma, wata tana ɗakin tiyata, wani ya tafi ƙasar waje, wata tana ƙaramin asibitin ƙauye ita ce likita ita ce komai. Ni na yi shekaru a ɗakin gaggawa, yanzu kuma ni ke riƙe biro ɗalibai suna miƙo littafi suna marairaicewa.

Bara da damina Naomi ta kira ni ta ce Sista ta rasu a Jimeta, bayan gajeriyar jinya. Ina bakin aiki, ban sami zuwa ba. Na yi mata ta'aziyya ta yi mini. Sannan na tambaye ta wa ya kintsa ta. Ta ce su huɗu ne, duk ɗalibanta, dangi sun ba su lokaci har suka gama. Ita ta ɗaure haɓar da hannunta, kuma kullin a tsakar ka yake.